Kakakin Turawa a ɗakina: littafin aikin haɗa kiɗan The Final Countdown

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Bakina ne ya jawo mini. Bayan La'asar kocin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ya tare ni a bakin shagon mai shayi, ya ce, "Kai mai fiyano, ka san kiɗan nan da ake sawa idan 'yan wasa za su fito?" Ya tsuke baki ya yi fito, sauti huɗu kacal, na gane. Ban taɓa sanin sunan waƙar ba sai yau da na nema: The Final Countdown, ta ƙungiyar Europe ta ƙasar Suwidin, 1986.

Shi dai so yake in tura masa a filashi a saka ranar wasan ƙarshe na gasar unguwanni. Ni kuma da ɗaukar dala ba gammo na ce a'a, zan haɗa gangar da bes ɗin da kaina a kwamfuta, in buga sautin ƙahon da ke buɗe waƙar da hannuna a fiyano a gaban jama'a. An sa wasan ranar Lahadi 23 ga Fabrairu don a gama kafin azumi. Mako bakwai ke nan. Ya ba ni N10,000 kafin alƙalami.

Abin da nake da shi: tsohuwar laftof mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, hedifon da kunne ɗaya ke ƙara, da fiyano mai maɓalli 61 da na aro a wajen Oga a situdiyo. Ya ce in kula masa da shi kamar ƙwai.

Talata, 7 ga Janairu

Sauraro kawai. Sau goma sha wani abu, minti biyar da 'yan daƙiƙai kowane zagaye. Gudun kiɗan wajen bugu 118 ne a minti, kuma a kan makullin F# maina yake. Kod huɗu, wato sautukan da ake dannawa tare, ke ɗauke da gabatarwar: F#m, D, Bm, E. Na rubuta su a bayan kwalin sabulu na manna a bango.

Asabar, 11 ga Janairu

Sai yau na ga ramin da na faɗa. Shekara shida ina kiɗa a situdiyo, kusan duk abin da nake bugawa a kan fararen maɓallai ne; idan muryar mawaƙi ta yi sama ko ƙasa sai in danna tiransifos, hannuna bai san an yi ba. Da farko haka na yi niyya: in buga a A maina, in sauke da uku, shi ke nan. Na yi, ya fito. Amma na ji kunyar kaina, na mayar da shi sifili. F#, C# da G# duk baƙaƙe ne, yatsuna sai zamewa suke kamar mai tafiya a kan dandamalin rijiya.

Wani abu kuma da na lura da shi. Yawancin kiɗan da na saba, sauti biyar yake yawo a kai. A wannan makullin, biyar ɗin su ne F#, A, B, C#, E. To jimlar farko ta ƙahon a cikin gida take: C#, B, C#, sai ta faɗo kan F#. Amma jimla ta biyu da D take farawa, kuma tsakanin D da C# rabin taki ne kawai, maƙwabta ne da katanga ɗaya. Can gaba G# ma ya shigo ya goga kafaɗa da A. Waɗannan baƙin guda biyu su ne suke sa ƙirji ya ɗan matse. Na gwada cire su na maye gurbinsu da na gida, sai kiɗan ya koma kamar na tallan omo.

Lahadi, 12 ga Janairu

Awa ɗaya da kilik, wato ƙarar da ke ƙirga bugu, a gudun 80. Matsalata shiga da wuri. Kod ne ke fara dira, sai a yi shiru na bugu ɗaya da rabi, sannan ƙaho ya amsa da gajerun sauti biyu masu sauri. Ni kuwa ba na iya jiran shirun.

Asabar, 18 ga Janairu

Ranar baƙin ciki. An kawo wuta da asuba da ƙarfin tsiya, na ji ƙauri, kafin in kai hannu adaftar fiyanon Oga ta tafi. Na zauna a bakin katifa ina kallon ta, zuciyata na dukan uku-uku, don ban san ko wutar ta wuce ciki ba. Na sa batura shida, fitila ta kama. Alhamdu lillahi.

Na shiga kasuwa da gawar adaftar a aljihu. Mai shagon farko ya miƙo mini wata ya rantse irinta ce. Allah Ya taimake ni na duba ɗan zanen da ke bayanta: ƙarfin wutar ɗaya ne, amma tsakiyar bakin a juye yake, inda ya kamata a ga alamar tarawa sai ga ta ragewa. Da na jona ta, da yanzu wani labarin ake yi. Sai a shago na uku na samu daidai, N6,500 bayan doguwar tayayya. Na ƙara da soket mai fis N3,000. Kuɗin koci saura N500, ko sauti ɗaya ban haɗa ba.

Ban gaya wa Oga ba tukuna.

Abin dariya, da daddare ina karanta tarihin waƙar sai na tarar ita ma da kayan aro aka haife ta. Joey Tempest, mawaƙin ƙungiyar, a farkon shekarun 1980 ya ari sintesaiza, wato fiyanon lantarki mai ƙera sauti, ƙirar Korg Polysix a wajen Mic Michaeli, tun kafin Michaeli ya shigo ƙungiyar, a kanta ya tsinci wannan ƙahon. Ya ajiye shi shekaru ba waƙa a kai, sai a 1985 mai bes ɗinsu, John Levén, ya ba shi shawarar ya gina waƙa da shi. Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara. Nasa dai ya rufe, har ya kai lamba ɗaya a ƙasashe 25.

Talata, 21 ga Janairu

Ganga da bes. Sukuwar doki ce: dogo ɗaya, gajeru biyu, dam-dada dam-dada, ba tsayawa. Tempest da kansa ya danganta wannan sukuwar da salon ƙungiyoyi irin su Iron Maiden da UFO. Na jera ta a kwamfuta cikin minti ashirin, ta fito daidai kamar an auna da ma'auni, kuma ba rai a cikinta. Na rage ƙarfin gajerun biyun ƙasa da dogon, doki ya fara ɗaga ƙafa. Fetur lita biyu, N2,000, daga aljihuna.

Lahadi, 26 ga Janairu

Neman sautin ƙahon. Duk ƙahonin da ke cikin fiyanon Oga na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani kamar agwagwa, wani kamar hon ɗin Keke Napep. Dalili: a faifan asali na'ura biyu aka ɗora kan juna. Roland JX-8P, wadda sautinta ke da kauri da ɗumi, da Yamaha TX816, wadda ita kanta injin sintesaizar DX7 ne guda takwas a akwati ɗaya, mai sauti kamar an daki ƙarfe. Ɗaya ta ba da jiki, ɗaya ta ba da kaifi.

Ba ni da ko ɗaya, kuma ko a mafarki ban taɓa taɓa su ba. Amma akwai manhajoji na kyauta da ke kwaikwayonsu: PG-8X a madadin ta farko, Dexed a madadin ta biyu. Na sauke su, data N1,500. A PG-8X na ɗauki igiyar sauti mai haƙoran zarto guda biyu, na saɓa ɗaya da 'yar'uwarta kaɗan, ƙasa da abin da kunne zai ce kuskure ne. Nan take sautin ya buɗe. Idan biyun suka daidaita cif, mutum ɗaya kake ji. Idan suka ɗan saɓa, sai ka ji kamar jama'a. Na daɗe ina wasa da wannan maɓallin, ina matsar da shi ina dawowa da shi, har aka kira Isha'i.

Sabuwar matsala: ina danna maɓalli, sai sauti ya yi ɗan jinkiri kafin ya fito. Na sa manhajar sauti ta ASIO4ALL na rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, daga 512 zuwa 256, jinkirin ya ragu. Na gwada 128, laftof ta fara tari.

Talata, 28 ga Janairu

Yau ban taɓa fiyano ba, amma ita ce ranar da aikin ya juya.

Na kai wa Yaya waƙar, ita da ke koyar da Turanci a sakandare, na ce ta warware mini abin da mutumin yake faɗa, don ni ban da amshin ba na kama komai. Tana yankan alayyahu ta sa wayar a kan turmi. Ta saurara sau biyu, ta ajiye wuƙa ta ce, "Wannan za ka saka wa masu murnar cin kofi? Ai waƙar bankwana ce."

Ga yadda ta bayyana mini. Mutane ne za su bar duniya gaba ɗaya a jirgin sama jannati, sun nufi tauraruwar nan da muke kira Zara matar wata. Tare za su tafi, amma sallama suke yi, ba su da tabbacin dawowa, kuma tun ba su tashi ba sun san za su yi kewar ƙasar da suka baro. Ƙirgen da ake ta maimaitawa a amshi shi ne ƙirgen da ake yi da baya-baya kafin roka ta tashi. Ba a ce ga abin da ya kore su ba. Ba a kuma nuna sun isa ba. Waƙar ta ƙare suna bakin tashi.

Yaya ta ce abin ya tuna mata labarin da Kaka ke ba mu na masu tafiya Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, yadda ake raka su bayan gari ana yafe wa juna, don wani sai bayan shekaru zai dawo, wani kuma can zai zauna har abada. Ga kiɗa da guɗa, ga kuka, duk a wuri ɗaya.

Tempest ya ce waƙar David Bowie mai suna Space Oddity ce ta ja hankalinsa ga wannan jigon. Sai da na duba kwanan wata kuma na ga ashe rana mai kamar ta yau, 28 ga Janairun 1986, jirgin Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu. A watan Afrilun shekarar tashar nukiliya ta Chernobil ta fashe, kuma a Suwidin ɗin, a tashar Forsmark, aka fara gano burbushin gubar a wajen Tarayyar Sobiyet. Waƙar ta riga waɗannan abubuwa rubutuwa, don haka ba zan ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Sai dai kunnuwan da suka fara jin ta, kunnuwan mutanen wannan shekarar ne.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na buga ƙahon a hankali, gudun 60, da sautin fiyano zalla, ba ganga. Wallahi kamar kiɗan ta'aziyya. Komai na nan a fili, sukuwar ce da ƙarar suke rufe shi. Wurin da ya fi kama ni shi ne ƙarshen gabatarwa, inda bes ke hawa F#, G#, A, ya je D, sannan a tsaya a kan C#. Kod ɗin yakan rataye tukuna, da F# a cikinsa, sai F# ɗin ya sauko rabin taki, a riƙe a nan. Kunne ya san gida ake shirin komawa, amma an tsayar da shi a bakin ƙofa. Ƙirgen ke nan, a cikin kiɗa. Da ina wuce wurin da gaggawa don in koma ƙahon da kowa ya sani. Yanzu na ba shi haƙƙinsa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

C# na sama ya mutu. A duk maɓallai 61, wanda ƙahon ke farawa da shi. Sai na danna da ƙarfi yake magana, wani lokacin ma ya yi gum.

Wannan karon na kira Oga, na haɗa da labarin adafta na faɗa masa duka. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ya ce, "Kana rufe shi da zane in ka gama?" Na ce a'a. Ya ce, "To hazon nan wa ka bar wa?" Ya ce in buɗe, amma in jera sukurorin a kan farantin da ba zai kife ba.

Sukurori goma sha huɗu. A ƙarƙashin maɓallan akwai doguwar roba mai 'yan kofuna, kowane kofi da baƙin ɗigo a ciki, shi ke taɓa allon idan an danna. Na ɗaga robar, sai ga ƙura ja lallausa kwance a kan allon kamar an barbaɗa garin kuka, har da ƙafar kyankyaso. Na jiƙa auduga da sifirit na goge ɗigon da inda yake sauka, na bari ya bushe. Mayar da robar ne ya ci mini rai, don 'yan ƙafafunta sai an tura kowacce cikin raminta da tsinken sakace. Awa biyu. Na rufe, sukuro ɗaya ya yi saura a faranti, har yanzu ban san gidansa ba. C# ya dawo. Sifirit da auduga N700. Na yanka tsohon zanin Inna na yi masa mayafi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Kawu ya zo gaishe da Inna, ya jiyo ni daga tsakar gida. Shi ya busa begila shekaru a bandin sojoji kafin ya yi ritaya. Ya tsaya a bakin ƙofa da butarsa ya ce, "Sake bugawa." Na sake. Ya ce, "Ɗana, ƙahon nan naka ba ya numfashi. Wa ka taɓa gani ya busa abu sautin ya fito a tsaye kamar an kunna fitila?"

Ya nuna mini da bakinsa: sautin ƙaho a rufe yake farawa, ya buɗe cikin ƙiftawar ido, sannan ya ɗan lafa. Kuma mai busa dole ya saki sauti kafin ya kama na gaba. Na je wajen matatar sautin na sa ta riƙa buɗewa a hankali kaɗan maimakon farat ɗaya, ta kuma ɗan rufe bayan ta buɗe. Na daina jan yatsa daga maɓalli zuwa maɓalli. Ya saurara ya ce, "Yauwa. Yanzu ka fara kama da mai sanar da fitowar sarki." Ya ce aikin kakaki ke nan, sauti kaɗan, tazara mai faɗi, a ji daga nesa a san wani abu zai faru. Hakan ya yi daidai da abin da na karanta, cewa 'yan Europe don buɗe wasanninsu na dandali suka yi waƙar, ba su ɗauka ita za ta yi tashe ba. Mai jitarsu ma, John Norum, bai so yadda sintesaiza ta danne jita ba, kuma kafin 1986 ta ƙare ya bar ƙungiyar.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gudun 118, sau biyar a jere ba kuskure. Wurin jitar Norum na yanke shi. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, yatsuna ba su kai can ba. Minti biyu da rabi ya ishi 'yan wasa su fito.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gwaji a fili da mai sifika. Na zo da ƙafafuna biyu, na koma kamar an zare mini laka.

A hedifon ƙahon ya cika kai, daga wannan kunne zuwa wancan. Aka jona a amfilifayarsa, ganga ta fito, bes ya fito, ƙaho kuwa sai wani siririn abu can ƙasa kamar sauro a cikin tulu. Yara suka fara dariya. Na ƙara murya, bai ƙaru ba. Mai sifika ya ce fiyanona ne, ni na ce kayansa ne, muka yi ta yi har Magariba.

Laifina ne. Kayansa layi ɗaya ne, yana haɗe hagu da dama wuri guda. Ni kuma don neman faɗi na ɗora wani abu da ke juya igiyar sautin ɓangare ɗaya ta koma kishiyar ɗayan. A kunne biyu, faɗi ne. Idan aka zuba su a mazubi ɗaya, wannan na turawa wancan na ja, sai su cinye juna. Na cire shi, na rage korus mai ninka sauti, na rage amsa-kuwwar da na lafta, tunda fili ne da katangar makaranta a gefe, zai ba da tasa. Daga yau da sifika ɗaya nake gwada komai. Na kira mai sifika na ba shi haƙuri. Keke zuwa da dawowa da kaya N1,600.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An yi. Hannuna na rawa har na kusa shiga kafin lokaci, sai na tuna shirun bugu ɗaya da rabi, na ƙirga shi a zuci. Da sauti huɗun farko suka fita, filin ya ɗauka da ihu, yara na bin ƙahon da baki. Janareto ya yi tari sau ɗaya a tsakiya, laftof na kan batir, amfilifaya ce ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo. A jimla ta uku ɗan yatsana ya goge D maimakon C#. Kawu kaɗai ya waigo.

Da na iso wurin ratayar nan ta C#, 'yan wasa 22 suna jere a tsakiyar fili, ba wanda ya taɓa ƙwallo tukuna, ba wanda ya san wa zai koma gida da kofi. Na riƙe kod ɗin ya fi yadda na saba, har mai sifika ya kalle ni.

An ci mu biyu da ɗaya. Bayan an tashi koci ya ce in sake bugawa a ba da kofi. Na buga wa waɗanda suka cinye mu, namu na zaune a ƙasa suna kwance igiyar takalmi.

Talata, 25 ga Fabrairu

Lissafi: adafta 6,500, soket 3,000, fetur duka 7,000, data 1,500, sifirit da auduga 700, keke sau biyu 3,200. Jimla N21,900. Koci ya cika mini N5,000 a kan goman farko, don haka N6,900 daga aljihuna. Mutum biyu sun nemi in tura musu kiɗan su sa a bidiyonsu, na ce a'a, waƙar masu ita ce, ni koyo na yi da ita.

Na mayar wa Oga fiyanonsa da mayafinsa, da sukuron nan a ƙulle a leda. Ya jujjuya shi ya jefa a aljihun tebur. Ya ce bayan Sallah in dawo in ɗauka, amma da sharaɗin in nuna wa yaran situdiyo yadda na haɗa ƙahon. Kafin nan zan zauna da wurin jitar da na tsallake, wanda ke komawa kan B maina, in rubuta shi sauti-sauti a takarda, in fara da gudun 50.